Bayan Faifai: Daga Beatles Zuwa Makaɗan Jos

A Daɗin Kowa, kan hanyar da ta tashi daga cikin Jos ta nufi Bukuru, akwai wani dattijo abokin mahaifina, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda har yau garmahonsa na aiki. Wata safiya cikin hunturu na je gaishe shi, na tarar ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado yana kakkaɓe ƙura. Faya-fayai ne cike da shi, manya da ƙanana. Wasu rigarsu ta takarda ta yage, wasu an rubuta sunan mai su da biro a tsakiya, saboda masu aro su hana. Ya zaro ƙarami ɗaya, ya hure shi, ya goge da gefen rigarsa, ya ɗora, ya sauke allura a hankali kamar mai ɗiga wa jariri magani. Muka yi shiru har waƙar ta ƙare. Na miƙa hannu zan ɗauko wani, sai ya riƙe ni.

"Haba ɗana, ina za ka? Ai rabi ka ji. Juya shi."

Na ce, "Baba, ai waƙar da aka sani ke nan."

Ya ce, "Wadda aka sani ta kamfani ce. Ta bayan ita ce ta makaɗan."

Faifan na Beatles ne, na 1966, "Paperback Writer" a gaba, "Rain" a baya. Tun ranar nake bin diddigin maganar dattijon nan, kuma abin da na gano ya fi ba shi gaskiya fiye da yadda na zata.

Ƙaramin faifai irin wannan kamfanin RCA Victor na Amurka ne ya fito da shi a watan Maris na 1949, ƙasa da shekara guda bayan kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai ɗaukar waƙoƙi da yawa. Faɗinsa inci 7, yana juyawa sau 45 a minti ɗaya, kowace fuska tana ɗaukar waƙa guda ta minti uku ko huɗu. Ba ya fashewa kamar tsohon faifan garmaho na zamanin kakanninmu, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin saurayi ba. Shi ya sa kiɗan rok ya girma a kansa. Kamfani kan zaɓi waƙar da yake ganin za ta yi kasuwa ya sa mata alamar A, don ma'aikatan gidan rediyo su san wadda za su sa. Ɗaya fuskar kuwa, mai alamar B, ba za a bar ta fayau ba, dole a cika ta da wani abu.

Akwai kuɗi a bayan nan, domin ba a sayar da rabin faifai. Duk wanda ya rubuta waƙar baya, kasonsa na cinikin faifan daidai yake da na wanda ya rubuta ta gaba, ko da kuwa ba wanda ya taɓa juyawa ya saurara. Wannan ya sa wasu masu shirya waƙa suka mai da bayan faifai wurin cin banza. Phil Spector ya yi suna wajen cusa kiɗa marar kan gado a baya, da gangan, don kada wani ɗan rediyo ya yi sha'awar juyawa ya raba wa mutane hankali. Amma kunnen jama'a ba ya karɓar umarni daga ofis. A watan Afrilu na 1954 Bill Haley da yaransa suka shiga ɗakin ɗaukar waƙa na kamfanin Decca, suka ƙarar da kusan duk lokacinsu kan wata waƙa mai suna "Thirteen Women". Da ragowar mintoci suka ɗauki "Rock Around the Clock" a gurguje, aka jefa ta baya. Sai da wani fim, Blackboard Jungle, ya buɗe da ita a 1955 sannan ta haye saman jerin waƙoƙin Amurka. Waƙar da ake cewa ita ta buɗe wa rok ƙofar duniya, cikon bayan faifai ce.

To, Beatles. Samari huɗu ne daga Libapul, tashar jiragen ruwa ta Ingila: John Lennon, Paul McCartney, George Harrison da Ringo Starr. Faifansu na farko, "Love Me Do" da "P.S. I Love You" a baya, ya fito ranar 5 ga Oktoba 1962 a ƙarƙashin Parlophone, reshen kamfanin EMI, bai wuce matsayi na 17 ba. Daga nan zuwa 1970 sun fitar da ƙananan faya-fayai 22 a Birtaniya. Abin da ya bambanta su shi ne al'adar da suka riƙe tare da mai shirya musu waƙa, George Martin: galibi waƙar da ta fito a ƙaramin faifai ba sa maimaita ta a babban faifai, don kada yaro ya biya kuɗin abu ɗaya sau biyu. Saboda haka waƙoƙi irin su "This Boy" ta 1963 da "I'm Down" ta 1965, a ƙasarsu, sai wanda ya juya faifan ne ya san da su. A 1988 aka tattara su wuri ɗaya cikin kundin Past Masters.

A farkon lamari babu rigima, domin Lennon da McCartney tare suke sa hannu a kan kowace waƙa, gaba ko baya kuɗin aljihu ɗaya yake shiga. Rigimar da ta zo daga baya ta girma ce, ba ta kuɗi ba. A ƙarshen 1965 aka kasa yanke hukunci tsakanin "Day Tripper" da "We Can Work It Out", sai aka ce duka biyun gaba ne, faifan ba shi da baya. Sulhu ne irin na gidan mata biyu, ya yi aiki na ɗan lokaci.

"Rain" da dattijon nan ya juya mini, a nan ne na fara fahimtar abin da yake nufi. Ta gaban waƙa ce mai sauri, tsaf-tsaf, an gina ta don rediyo. Ta bayan kuwa nauyi gare ta. Sun buga kiɗan da sauri, sannan aka rage gudun tef ɗin, sai sautin ya yi kauri kamar hadari yana haɗuwa a kan duwatsun Shere. Jitar ƙasa ta McCartney tana yawo ko'ina, Ringo yana sauke sanduna inda ba ka zata ba, shi da kansa ya sha faɗin cewa a nan ya yi kiɗan da ya fi kowane a rayuwarsa. Can wajen ƙarshe aka juya muryar Lennon tana tafiya da baya-baya, abin da kunnen masu sauraron waƙoƙin samari bai saba ji ba a lokacin. Dattijon ya ɗaga yatsa daidai wurin, ya ce, "Ka ji? Da farko mun ɗauka allurar ce ta lalace." A gaba ba za su yi wannan kasadar ba. A baya babu mai tsare su.

Daga nan bayan faifai ya zama filin da ake gane wanda ke riƙe da ragamar ƙungiyar. A Nuwamba 1967 aka sa "Hello, Goodbye" ta McCartney a gaba, aka tura "I Am the Walrus" ta Lennon baya, waƙar da ya zuba basirarsa a ciki, har da muryoyin wani wasan kwaikwayo na Shakespeare da suka kamo daga rediyon BBC ana cikin haɗa sautin. Abin ya yi wa Lennon ciwo, kuma bai ɓoye ba. A 1968 aka maimaita. Ya so "Revolution" ta fito a gaba, a shekarar da ɗalibai suka cika titunan Faris da biranen Amurka da zanga-zanga. 'Yan uwansa suka ce ta cika sanyi. Ya sake ɗaukar ta da jita mai ƙara kamar injin niƙa, amma duk da haka baya ta tafi, domin "Hey Jude" ce a gaba, wadda ta yi mako tara a saman jerin Amurka. A ganina a nan kamfani bai yi kuskure ba ta fuskar ciniki. Amma wanda yake son ya san abin da ke cin ran matasan 1968, bayan faifan zai saurara.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne George Harrison, ƙaraminsu. Shekara biyar da 'yan watanni ana fitar da ƙananan faya-fayai a Birtaniya babu waƙarsa ko ɗaya, gaba ko baya. Ƙofar da aka fara buɗe masa ta baya ce: "The Inner Light", a bayan "Lady Madonna", Maris 1968. Kiɗanta a Bombai aka ɗauke shi, a watan Janairu, da makaɗan Indiya, babu jitar lantarki ko ɗaya. Bahaushe in ya ji ta zai ɗaga kai, domin akwai wata busa a ciki da Indiyawa ke kira shehnai, 'yar uwar algaita ce ta jini. A 1969 ya sake samun baya da "Old Brown Shoe", kafin a watan Oktoba na shekarar a ba "Something" gaba. Ya iso gaba ke nan gidan ya fara rushewa. Faifansu na ƙarshe a Birtaniya kafin rabuwa, "Let It Be", ya fito a Maris 1970, a bayansa wata waƙar raha da suka fara ɗauka tun 1967, wadda Brian Jones na Rolling Stones ya busa ƙaho a ciki. Kafin ta fito Jones ya rasu. Wata guda bayan fitowarta labarin watsewar Beatles ya bazu.

A wannan shekarar, ranar 15 ga Janairu, yaƙin basasar Nijeriya ya ƙare. Samarin da suka tashi da jin Beatles a rediyo, wasunsu sun yi wa sojoji kiɗa a lokacin yaƙin, suka fito da jita a hannu da ɗaci a zuciya. Funkees da Wings a Aba, Strangers a Owerri, Hykkers, BLO a Legas, da Ofege, 'yan makarantar St Gregory's da ke Obalende. Mafi yawansu ta hannun Odion Iruoje na EMI suka bi, kuma hanyar kusan ɗaya ce: a gwada ƙungiya da ƙaramin faifai, in ya karɓu a ba ta babba. Haka Strangers suka yi suna da "Love Rock". Ke nan ƙungiyar da ba ta kai ga babban faifai ba, duk abin da ta bari a duniya waƙa biyu ce ko huɗu, rabinsu a baya.

Cikin ɗakin ɗaukar waƙa na EMI da ke Wharf Road a Apapa McCartney ya sauka a 1973, da tasa ƙungiyar, wadda ita ma Wings take amsawa, kamar ta Aba. Mutum biyu sun janye dab da tafiya, sai shi da matarsa Linda da Denny Laine suka zo. Ɓarayi sun tare shi da wuƙa da dare suka tafi da kaset ɗin da ya zana waƙoƙin a ciki. Fela ya zarge shi a fili da zuwa satar kiɗan Afirka, har sai da McCartney ya kira shi ya sa masa abin da suke ɗauka ya ji da kunnensa. Daga wannan wahalar aka samu Band on the Run, wanda ya fito a ƙarshen shekarar. Waƙar da suka fara ɗauka a Legas, ana sheƙa ruwan sama, ita ce "Mamunia". Da aka fitar da "Jet" a Amurka a farkon 1974, ita aka sa a baya, bayan 'yan makonni kuma aka cire ta aka sa "Let Me Roll It". Yau masu tara faya-fayai wancan bugun na farko suke nema.

Babban darasin bayan faifai a Afirka kuwa daga maƙwabta ya zo. A 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka karo na takwas, Manu Dibango ya yi wa gasar taken yabo. Ana bukatar abin da za a cika bayan faifan da shi, ya sa "Soul Makossa". Kongo ta fitar da Kamaru a wasan kusa da na ƙarshe, taken ya mutu tare da murnar. Ta bayan kuwa ta tsallaka teku. Wani mai sa faifai a gidan rawa a New York, David Mancuso, ya tsince ta a wani kanti a Brooklyn, rediyo ta ɗauka, kamfanin Atlantic ya saye izinin bugawa, a 1973 ta shiga cikin waƙoƙi arba'in na saman Amurka. Shekara tara bayan nan amshinta ya bayyana cikin kundin Thriller na Michael Jackson, har aka kai ga biyan Dibango diyya.

Duk wannan zagayen na yi shi ne don in dawo gida, domin in aka ɗauki tarihin kiɗan zamani na Nijeriya a matsayin faifai, Legas da Gabas ne a gaba, Jos na baya.

Garin kuza ne. Jirgin ƙasa ya iso shi daga Zariya a 1914, daga Kafanchan a 1927, ya kwaso Hausawa da Ibo da Yarbawa da Urhobo da Turawa ya zube su a tsakanin Birom da Afizere da Anaguta. Ma'aikaci mai albashi a ƙarshen wata, ga sanyin dare, ga baƙunta, dole ya nemi inda ake kiɗa. Daga irin waɗannan gidajen rawa Sahara All Stars suka fito, ƙungiyar da ta liƙa sunan Jos a jikin nata sunan don kada a yi mata kuskuren gari. A 1976 EMI ta buga musu babban faifai. Wanda ya saurari "Take Your Soul" zai ji jita tana kuka, ƙahoni suna amsawa, ganga ta kafe a wuri ɗaya ba ta gajiya, kiɗan da ba zai ji kunya a gaban na kowace ƙungiya ta Legas ba. Suna waƙa da Turanci, suna yi da Yarbanci kamar a "Feso Jaiye", sunansu na hamada, gidansu kan tsauni. Jos ke nan a dunƙule.

Ba su kaɗai ba ne. Bala Miller, wanda aka haifa a Pankshin a 1928, ya kafa babbar ƙungiyarsa a Kaduna, ya rera "Ikon Allah" da Hausa a kan kayan kiɗan zamani. Elcados sun buga rok tsantsa daga Arewa. Bongos Ikwue, ɗan Otukpo da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi ya yi taken Cock Crow at Dawn, wasan kwaikwayon manoma da aka shirya a tashar NTA ta Jos tun daga 1980, wanda duk ƙasa ta zauna kallo. Ga kuma Ɗan Maraya, haifaffen Bukuru a 1946, nan kusa da Daɗin Kowa. Shi ba ɗan rok ba ne, kuntiginsa tsirkiya ɗaya gare shi, amma ya yi abin da 'yan rok ke taƙama da shi: ya bar masu mulki ya waƙe karen mota, mutumin da ke rataye a bayan babbar mota.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka sake gano waɗannan mutane. A 2001 kamfanin Strut na Landan ya fitar da kundin Nigeria 70. A ciki akwai "Enjoy Yourself" ta Sahara All Stars, akwai "Ikon Allah" ta Bala Miller, akwai waƙar Bongos. Amma a bangon kundin an rubuta cewa labarin kiɗan Legas ne. A 2008 kamfanin Soundway ya biyo da nasa jerin, ya sa Sahara All Stars da Elcados. Na gode musu, domin ba don su ba da yawancinmu ba mu taɓa jin waƙoƙin nan ba. Sai dai abin kunya ne a ce saurayi a Landan ko Balin ya san Sahara All Stars, ɗan Daɗin Kowa da ke alfahari da P-Square da M.I da Ice Prince da Jeremiah Gyang bai taɓa jin sunansu ba. Waɗannan yaran ba daga sama suka faɗo ba. Garin da ya rene su ya daɗe yana kiɗa.

Yadda aka yi asarar ba ɓoyayye ba ne. Kaset ya shigo, masu kwafi suka cinye kasuwa, tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanonin waje suka tattara nasu ya nasu: EMI ta koma Ivory Music, PolyGram ta koma Premier. Kaset ya riƙe gefen A da gefen B na ɗan lokaci, sai faifan CD ya zo da fuska ɗaya, sai masu tura waƙa a waya suka zo babu fuska ko ɗaya. A Jos kuma an ƙara da wata musibar. Rikicin Satumba 2001 da waɗanda suka biyo baya sun ƙone gidaje, sun raba unguwanni, babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairu 2002. Mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar akwatin faya-fayai. Kuma ƙaramin faifai shi ya fi saurin salwanta, domin rigarsa takarda ce marar hoto, yara kan mai da shi abin wasa, rana kan lanƙwasa shi.

Kafin in bar gidan dattijon ran nan, ya nuna mini yadda yake jera su a tsaye, ba a kwance ba, nesa da taga. Ya ce 'ya'yansa sun sha ce masa ya zubar da tarkacen nan. Na roƙe shi kada ya yi, ya yi dariya ya ce in dai yana numfashi ba mai taɓa su.

Gidan tarihi na Jos yana nan tun 1952, Jami'ar Jos tana nan, gidajen rediyon jihar suna da ɗakunan ajiya. Ina roƙonsu su ware wuri don faya-fayan garin nan, a wanke su, a ɗauki sautinsu a kwamfuta. Kai kuma mai karatu, ko a Daɗin Kowa kake, ko Bukuru, ko Tudun Wada, ko Gangare, ko Nasarawa, in akwai irin wannan akwati a gidanku, buɗe shi a makon nan. Rubuta sunan ƙungiyar da shekarar da lambar da ke jikin faifan, da sunan waƙar gaba da ta baya. Sannan ka zauna da mai shi tun yana raye, ka tambaye shi a wane kanti ya saya, kuma a wane gidan rawa ya fara jin ta.